Mai Kiwon Toka

Ƙarfe biyun dare a ofishin yanayi,
kwaɗi na ta hira bayan shingen filin jirgi.
Shayin Istifanus ya huce a kofi,
shi kuwa ya kifa kai a kan tebur.
Ni kaɗai ke zaune ina kiwon toka.

Dutsen ba a ƙasarmu yake ba.
Namu na nan masu kunya ne,
na Kujama da na Kajuru,
awaki ma hawansu suke yi.
Wannan yana can gabas mai nisa,
bai san Juma'a ba, bai san Lahadi ba,
cikinsa na tafasa tun ban fara aiki ba,
bai taɓa barci ba balle a ce ya farka.

Tauraron ɗan'adam ke kawo mini tsegumi,
hoto na bin hoto.
Ga shi a allo, ja-ja kamar lallen jiya,
ya miƙe ƙafa dubu talatin da biyar,
ya karkata wuya yana bin iska.

Waya ta yi ƙara. Inna ce daga Mando.
"Balaraba, kwananmu uku a sansani,
mun ɗaure kaya, mun kwance, mun ɗaure,
garin da na zo da shi ya yi rabi.
Wata 'yar Kachia ta ce ke kika tare hanya.
Shekara tara ina zubin adashi,
ke ce za ki shiga tsakanina da Makka?"

Na ce, "Inna, toka ce a sama."

Ta yi dariya har da tari.
"Toka? Ni za a gaya wa toka?
Shekara hamsin ina kwashe ta a murhu,
da ita na goge gindin tukunya,
da ita na zagaye rumbu don gara,
ruwanta na tace na zuba a miya
ranar da babu kanwa,
kika sha, kika side kwano, kika ce a ƙara.
Ban taɓa jin ta kashe ko ɗan tsako ba.
Boko dai, wani lokacin, hauka."

Ta yaya zan ce mata wannan ba 'yar itace ba ce?
Dutse ne aka niƙa, da kwalba a ciki.
Injin jirgi ya shaƙe ta, ta narke masa a maƙoshi,
ta daskare, ya yi shiru,
ga mutum ɗari huɗu da carbi a hannu
tsakanin sama da ƙasa.
Sai na ce, "Ki sha maganinki na hawan jini.
Sannu ba ta hana zuwa."
Ta kashe waya ba sallama.
Na daɗe ina kallon gilashin allo,
bayan gajimaren ina hango tawa fuska.

Wuta ta ɗauke, janareto ya yi kaki ya kama.
Ƙarfe huɗu saura, saƙo ya shigo,
na gwada shi da hotuna shida a jere:
wutsiyar ta juya kudu,
ta sirance kamar zaren da ya sha wanki.
Na tashi Istifanus, ya murtsuke ido,
ya auna, na auna, ya sake aunawa,
don a aikin nan ba a sa hannu da shakka.

Bayan asuba rufin ofis ya girgiza.
Na fita ba takalmi, ciyawa duk raɓa,
na bi fitilun da ido har suka shige gajimare.
Ban san ta wane gefe ta zauna ba.
Na ɗaga hannu duk da haka.

Da na dawo, ga sabon ɗigo a allo,
ƙarami, kamar ƙwayar gero.
Ya sake tari ke nan.
Na ja kujera, na ɗora ruwan shayi.
Yi ta yi, tsoho, ina nan.
Saura kwana arba'in in kiwata mata hanya,
kafin in ce mata barka da sauka.